Waye Mai Shari'a Uwais da kullum ake cewa a aiwatar da rahotonsa?

Wani ƙanina da yake aji biyu a fannin lauya ya turo min tambaya, wai shi tun yana yaro duk sanda zaɓe ya ƙarato sai ya ji ana cewa "a aiwatar da rahoton Uwais", wato rahoton gyaran harkar zaɓe, to waye Uwais ɗin, alƙalin jiha ne ko na tarayya, kuma me ya yi da har ake ganin girmansa haka? Ya ƙara da cewa wani abokinsa ya ce masa ai duk alƙalan gwamnati ne, babu wani na kirki a cikinsu.

To ƙanina, zauna da kyau domin amsar tana da ɗan tsawo, kuma abokin nan naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba amma bai faɗi gaskiya gaba ɗaya ba.

Bari mu fara kawar da maganar tarayya da jiha tunda ita ce mai sauƙi. A Najeriya in aka ce alƙalin tarayya ana nufin wanda yake zaune a kotun da tsarin mulki ya kafa wa tarayya, wato Kotun Ƙoli, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babbar Kotun Tarayya, kotun ma'aikata ta ƙasa, da kotunan Abuja. Shugaban ƙasa ne ke naɗa su bisa shawarar NJC, hukumar da ke kula da harkokin alƙalai ta ƙasa, su kuma na jiha gwamna ne ke naɗawa, shi ma dai bisa shawarar NJC ɗin. Kafin ka zama joji a babbar kotu sai ka shekara 10 da zama lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, Kotun Ƙoli 15. Uwais ya fara ne a matsayin alƙalin jiha, daga 1977 ya koma na tarayya, kuma bai sake fita ba sai ranar da ya cika shekara 70.

Sunansa Muhammadu Lawal Uwais, an haife shi a Zariya ranar 12 ga Yuni 1936. Ɗan gidan shari'a ne tun asali, mahaifinsa babban alƙali ne a masarautar Zazzau, daga baya ya zama Waziri. Wannan abin ka lura da shi, don in ka duba jerin 'yan arewan farko da suka yi karatun lauya za ka ga da yawansu 'ya'yan alƙalai da malamai ne, shi kansa Muhammadu Bello na Katsina wanda ya riga shi zama Alƙalin Alƙalai haka yake. Yaran da suka tashi suna ganin ana zaman shari'a a zauren gidansu, masu ƙara na zuwa suna durƙusawa, ba sa ganin kotu a matsayin wani baƙon abu, hular gashin Bature ce kawai sabuwa. Ya yi Barewa, ya bi ta Kongo, makarantar koyon mulki ta Zariya inda gwamnatin Sardauna ta buɗe kwas na lauya saboda a lokacin Arewa ba ta da lauyoyinta na kanta, kusan duk Turawa ne da 'yan kudu da baƙi daga wasu ƙasashe ke riƙe da ma'aikatar shari'a. Daga nan sai Landan, ya zama lauya a Middle Temple, ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi na Ingila, a 1963, ya dawo gida aka rantsar da shi lauyan Najeriya a 1964.

Bai yi zaman ofishin kansa yana jiran masu ƙara ba. Lauyan gwamnati ya zama a Kaduna, ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya har ya riƙe babban lauyan ma'aikatar shari'a na Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1973 aka ba shi joji. Da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya a 1976, shekara ɗaya bayan nan aka ɗauke shi can, a watan Agusta 1979 kuma sai ga shi a Kotun Ƙoli yana da shekara 43 kacal. Yau wannan ba ya faruwa, mutum sai ya kusa furfura gaba ɗaya yake isa can, shi ya sa za ka ga Alƙalin Alƙalai ya yi shekara biyu ko ma wata bakwai ya tafi. Shi Uwais kusan shekara 27 ya yi a kotun, 10 da ɗoriya daga ciki yana shugabanta, daga Disamba 1995 zuwa Yuni 2006. In ka cire Sir Adetokunbo Ademola babu wanda ya daɗe a kujerar kamarsa.

Yanzu ga inda labarin yake da daɗi. Ko zama bai gama yi a kujerar ba aka jefa shi cikin shari'ar da har gobe ake musu a kanta, Awolowo da Shagari. An yi zaɓe ranar 11 ga Agusta 1979, doka ta ce bayan rinjayen ƙuri'a dole ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a aƙalla biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. To nawa ne biyu bisa ukun 19? Kowa da ma yana ɗauka 13 ne tunda ba a yanka jiha kamar kabewa. Shagari ya samu rubu'in a jihohi 12 cif, ta sha ukun ita ce Kano, inda Malam Aminu Kano da PRP suka share wuri, Shagari ya tashi da kashi 19.94. Sai lauyansa Richard Akinjide ya zo da lissafi, ya ce biyu bisa ukun 19 ai 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a jiha ta sha uku ba rubu'in dukkan ƙuri'u ake nema ba, rubu'in biyu bisa ukunsu ne, wanda ya kama ɗaya bisa shida, kusan kashi 16.7, kuma Shagari ya haye wannan. Ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, alƙalai bakwai suka zauna, kotu ta tabbatar wa Shagari, Kayode Eso ne kaɗai ya ce a'a ƙarara. Uwais, ƙaramin cikinsu, yana tare da masu rinjaye.

Ni a ra'ayina lissafin nan akwai wayo a cikinsa fiye da hikima, amma kuma ka sa kanka a takalminsu, soja na tsaye da ƙafa ɗaya a bariki ɗaya a fadar gwamnati bayan shekara 13 suna mulki, kai kuma kana riƙe da alƙalamin da zai iya sa su ce to tunda ba ku shirya ba bari mu ƙara zama. Ba ina kare hukuncin ba ne, ina nuna maka irin ɗakin da ake yanke irin wannan hukunci a cikinsa ne. Allah ya taimake mu yanzu jihohi 36 ne, 24 ta fita ba saura, duk da haka ma ka ga yadda aka sha musu a 2023 kan ko dole ne ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'un Abuja.

Wanda zai ce maka Uwais ɗan amshin shatan gwamnati ne, ka tambaye shi ko ya karanta shari'ar Gwamnan Soja na Legas da Ojukwu ta 1986. Rigima ce kan wani gida a Ikoyi, magana tana gaban kotu, gwamnatin soja ta tura jami'ai da bindigogi suka fitar da Ojukwu da ƙarfin tsiya, kotu ta ce a mayar da shi suka ƙi, sannan kuma ba kunya suka garzaya Kotun Ƙoli suna neman ta ba su kariya. Kotun ta ce ba za ka taka umarnin kotu da ƙafa ɗaya ka zo kana neman alfarmarta da ɗaya ƙafar ba. Eso da Mai Shari'a Oputa su ne suka yi kalaman da ɗalibai ke haddacewa, amma Uwais ma yana cikin zaman, kuma abin da ya rubuta ma'anarsa ita ce in gwamnati ta mayar da umarnin kotu abin wasa to talaka zai daina yarda da kotu, daga nan kuma sai zaman kara zube. Ka tuna fa zamanin Babangida ne, ba zamanin da za ka zagi gwamnati a Facebook ka kwana a gidanka ba. Kafin nan ma a 1984 shi aka ba shugabancin binciken rikicin 'yan Maitatsine na Jimeta.

Inda abokinka yake da ɗan abin kamawa shi ne shekarun Abacha. Uwais ya karɓi kotun daga hannun Bello ana tsakiyar wahala, wata ɗaya da rataye su Ken Saro-Wiwa, Abiola na tsare. Soja suna da wata dabara, duk dokar da suka kafa sai su liƙa mata sakin layi cewa babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kanta, shi kenan an ɗaure alƙali hannu da ƙafa. Maganar belin Abiola kuwa abin takaici ne, da yawa daga alƙalan Kotun Ƙoli sun riga sun kai jaridar Concord ta Abiola ƙara kan ɓata suna, sai aka ce bai dace su saurari shari'arsa ba, suka janye, waɗanda suka rage ba su kai adadin da za a zauna ba, Abacha kuma ya ƙi naɗa sababbi. Haka maganar ta kwanta har mutumin ya rasu a tsare a 1998. Akwai lauyoyin da har yau suke ganin ya kamata shugaban kotu ya buga tebur ko ya ajiye aiki. Ni ban sani ba ko da ya ajiye wani abu zai canza in ban da a kawo wanda ya fi shi laushi, amma dai ba zan ce maka wannan zamani abin alfahari ne ga kotun ba, ba haka ba ne.

Da farar hula suka dawo a 1999, shi ya rantsar da Obasanjo, kuma a nan ne za ka ga ainihin aikinsa. Tsarin mulkin sabo ne fil, soja suka rubuta suka miƙa, babu wanda ya san iyakar ikon wani, shugaban ƙasa kuma tsohon janar ne da ya saba ba da oda. Kusan duk wata babbar tambaya sai da ta zo gaban kotun Uwais.

Tun kafin a rantsar da kowa ma aka fara da Adamawa. Atiku ya ci gwamna, sai Obasanjo ya ɗauke shi mataimaki, INEC ta ce a sake zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce a'a, mataimakinsa Boni Haruna ya hau tunda tikiti ɗaya aka zaɓa. A 2002 kuwa kamar an buɗe famfo. A watan Afrilu aka yanke rigimar man fetur na cikin teku, kotu ta ce iyakar jihohin gaɓar teku tana tsayawa ne a bakin ruwa, abin da ke can ciki na tarayya ne, hukuncin da ya tayar da ƙura a Neja Delta har sai da aka warware shi ta hanyar siyasa da wata doka a 2004. A shekarar dai Jihar Ondo ta ƙalubalanci dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, tana cewa tarayya ba ta da ikon bin cin hanci har cikin jihohi, Uwais da kansa ya rubuta babban hukuncin, ya ce dokar ta zauna, in ban da wasu 'yan sassa da aka soke. Duk wani tsohon gwamna ko ciyaman da ka ga ana jansa a kotu yau, wannan hukuncin yana cikin tubalan da aka ɗora abin a kai.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Balarabe Musa. INEC ta zauna ta ƙirƙiro sharuɗɗan rajistar jam'iyya masu tsauri, sai kana da ofis a jihohi kaza, sai ka kawo kaza, wanda a zahiri in ba ka da kuɗin gwamnati ba za ka iya ba. Balarabe da PRP ɗinsa da Gani Fawehinmi da wasu ƙananan jam'iyyu suka tafi kotu, a Nuwamba 2002 Kotun Ƙoli ta ce sharuɗɗan da tsarin mulki ya gindaya su ne sharuɗɗa, INEC ko majalisa ba su da ikon ƙara nasu a kai. Ƙasar da ta fara da jam'iyyu uku a 1999 sai ga ta da 30 a zaɓen 2003. Za ka iya cewa ai yawancinsu jam'iyyun jaka ne, gaskiya ne, amma ƙofar da aka buɗe ran nan ita ce duk wata jam'iyyar adawa ta bi daga baya.

Sai ta Legas a Disamba 2004. Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da ake da su, Obasanjo ya fusata ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar gaba ɗaya. Karanta hukuncin Uwais a nan za ka gane irin alƙalin da yake. Ya ce wa shugaban ƙasa ba ka da ikon riƙe kuɗin nan ko na kwana ɗaya, ya juya ya ce wa Legas ku ma sababbin naku ba su gama nuna ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin tsarin mulki, kuma kuɗin na 20 ɗin asali ne. Kowa ya fita yana cewa shi ya ci. Obasanjo ya fake da rabin da ya yi masa daɗi ya ci gaba da riƙe kuɗin, sai da 'Yar'aduwa ya zo a 2007 ya saki ragowar. Haka yake, ba mai kaɗa ganga ba ne irin Eso, mutum ne mai bin nassi layi layi, ya ba kowa daidai abin da takarda ta ba shi ko da hakan zai bar rigimar da sauran numfashi. Wasu na kiran wannan tsoro, ni ina ganin tarbiyyar lauyan gwamnati ce da ta zauren alƙali suka haɗu.

To ga wadda mutanenmu ba su yafe masa da wuri ba, Buhari da Obasanjo. An yi zaɓe a Afrilu 2003, kowa ya ga abin da ya gani, har Kotun Ɗaukaka Ƙara sai da ta soke sakamakon Jihar Ogun, jihar shugaban ƙasa kenan. Amma Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai 1 ga Yuli 2005, mutum ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adinsa, kuma ta tabbatar da zaɓen, Uwais na kan kujera. Na tuna yadda aka yi ta zagi a majalisun shayi. Abin da mutane ba su gane ba shi ne yadda dokar zaɓe take, kuma har yanzu kusan haka take. Doka tana ɗauka cewa sakamakon da INEC ta bayyana daidai ne har sai kai mai ƙara ka tabbatar da akasin haka, kuma bai isa ka nuna an yi maguɗi ba, sai ka nuna maguɗin ya kai yawan da zai canza sakamako, rumfa bayan rumfa, da shaidar wanda ya gani da idonsa, a ƙasar da ke da rumfuna sama da dubu ɗari, takardun da za ka kafa hujja da su kuma suna hannun wanda kake ƙara. Na taɓa yin wata shari'ar zaɓe ta ɗan majalisar jiha kawai, ƙaramar hukuma ɗaya tak, mun yi sati uku muna zarya kafin a ba mu kwafin takardun da kotu ta riga ta ce a ba mu, da aka kawo su ma rabi babu hatimi. Ka auna wannan a faɗin Najeriya.

Yanzu sai ka ga inda rahoton ya fito. 'Yar'aduwa a jawabinsa na karɓar mulki ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, a watan Agusta 2007 ya kafa kwamitin mutum 22 ya ba Uwais, wanda ya yi ritaya shekara guda kafin nan. Akwai Attahiru Jega a ciki, akwai Matthew Kukah, Bolaji Akinyemi, Olisa Agbakoba, Jibrin Ibrahim da sauransu. Suka zaga ƙasa suka saurari jama'a, suka miƙa rahoto a Disamba 2008, a daidai makon da Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen shi 'Yar'aduwan da ƙyar, huɗu da uku, Aloma Mukhtar da Oguntade da Onnoghen suka ce a soke.

Karanta shawarwarin ka kwatanta da shari'ar 2005, za ka ga kamar mutum ne yake lissafo duk igiyoyin da suka ɗaure shi lokacin yana sanye da riga. Shari'a ta kai shekara biyu? Rahoto ya ce a gama duk ƙarar zaɓe kafin a rantsar da kowa. An ɗora wa mai ƙara kayan da ba zai iya ɗauka ba? Rahoto ya ce a juya, INEC ce za ta tabbatar wa kotu cewa ta yi zaɓe bisa ƙa'ida. Shugaban ƙasa ɗan takara ne kuma shi ke zaɓen alƙalin wasa? Rahoto ya ce NJC ta tallata kujerar shugaban INEC ta tace masu nema, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ya kuma ce a rage wa INEC kaya, a kafa hukuma daban ta hukunta masu laifin zaɓe, wata ta rajistar jam'iyyu, wata ta shata mazaɓu, a ba ɗan takara mai zaman kansa dama, a daina barin gwamnoni da hukumomin zaɓen jiha da suke cinye kujerun ciyamomi kaf. Shi ya sa nake ce maka in kana so ka san Uwais kada ka karanta hukuncin kaɗai ko rahoton kaɗai. A kotu ya faɗi abin da doka ta ce ko da bai gamsar ba, da ya cire riga aka tambaye shi yaya ya kamata dokar ta kasance, bai ɓoye komai ba. Ko ya kamata tun yana kan kujera ya yi irin ƙarfin halin da su Aloma suka yi a 2008, wannan muhawara ce da za ku yi ta yi a aji, ni kaina wani lokacin ina nan wani lokacin ina can.

Shawarar NJC ɗin nan ma ni ina da ja a kanta, don in ka sa alƙalai su zaɓo shugaban INEC sannan gobe a kawo musu ƙarar aikinsa, ka jawo siyasa ta shigo musu har ɗaka, kuma NJC ɗin kanta Alƙalin Alƙalai ne ke naɗa mafi yawan mambobinta. Amma ba saboda wannan dalilin gwamnati ta ƙi ba, a 2009 majalisar ministoci ta ce naɗin hurumin shugaban ƙasa ne kuma ba za a taɓa ba. An ɗauki wasu a gyaran 2010, kuɗin INEC ya koma fita kai tsaye daga asusun tarayya, aka sa wa kotun zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, Jonathan kuma ya ɗauko Jega daga cikin 'yan kwamitin ya ba shi INEC. Manyan kuwa aka sa su a durowa.

Allah ya yi masa rasuwa a Abuja ranar Juma'a 6 ga Yuni 2025, ranar Babbar Sallah, saura kwana shida ya cika 89, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Har ranar da aka kai shi makwancinsa shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban INEC, mai ƙara ne ke ɗauke da nauyin hujja, ana rantsar da mutum shari'arsa na kotu, hukumar hukunta masu laifin zaɓe kuma ba a kafa ta ba.